Shirin Musamman: Ɗan Tirwun da Karatun Zanen Jirgin Ruwa

Yau daga Tirwun muke zuwa muku, a nan garin Bauchi, kuma maganarmu da ɗalibai ce masu shirin cike fom ɗin JAMB, da iyayen da za su biya kuɗin.

Wani zai ce me ya haɗa ɗan Bauchi da jirgin ruwa, alhali babban ruwan da ya sani bai wuce dam ɗin Gubi ba? To, a tambayi mutanen Bagwai ta jihar Kano. A ƙarshen watan Nuwamba na 2021 kwale-kwale ya kife a dam ɗin Watari, ɗauke da ɗaliban Islamiyya daga ƙauyen Badau, aka yi asarar rayuka da dama. A watan Mayun shekarar, irin haka ta faru kusa da Wara a jihar Kebbi. A 2023 kuma sama da mutum 100 ne suka rasu a yankin Patigi na jihar Kwara, suna dawowa daga biki. Allah Ya jiƙansu da rahama.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a mashiga ran kasuwa ya ga yadda ake lodi. Buhunan hatsi a ƙasa, babura a kai, mutane a saman kaya, har bakin kwale-kwalen ya rage bai fi tafin hannu ba tsakaninsa da ruwa. Nauyi ya koma sama ke nan, ga ruwan da ya yoyo ciki yana kai-komo daga wannan gefe zuwa wancan. Da iska ta taso, ko fasinjoji suka karkata wuri guda, shi ke nan. Lissafa nauyin da jirgi zai ɗauka, da faɗin da ya kamace shi, da iyakar karkatar da zai yi ya dawo daidai, shi ne aikin injiniyan zanen jirgi. Tun ran gini ran zane.

Sai dai a nan ne ɗalibai ke tafka kuskure, domin karatun jirgin ruwa kashi-kashi ne. Akwai na tuƙi, mai kai mutum ga zama kyaftin. Akwai na injin jirgi. Sannan akwai na zana gangar jirgin da ƙera ta, wanda a takardun makaranta ake rubuta shi Naval Architecture. A Najeriya galibi ba ya cin gashin kansa, yana ƙarƙashin sashen injiniyancin jiragen ruwa ne. Saboda haka kada sunan makaranta ya ruɗe ka. Nemi jerin darussan sashen tun daga aji ɗaya har aji biyar, ka duba ko akwai lissafin daidaiton jirgi, da ƙarfin gangarsa, da zane a kwamfuta. In babu, injin kawai za ka karanta.

Jami'ar Jihar Ribas da ke Fatakwal ta daɗe da wannan sashe. Akwai shi a Jami'ar Neja Delta ta jihar Bayelsa, da Jami'ar Man Fetur ta Tarayya da ke Effurun, ga kuma Jami'ar Harkokin Teku ta Okerenkoko a jihar Delta, wadda ta fara karatu a 2018. Mai son difloma sai ya dubi makarantar horar da ma'aikatan jiragen ruwa ta Oron a jihar Akwa Ibom. Ko wacce ka zaɓa, tabbatar hukumar NUC ko NBTE ta amince da kwas ɗin, haka ma COREN mai yi wa injiniyoyi rajista. A JAMB kuwa Turanci da lissafi da fiziks da kemistiri za ka rubuta.

Ka kuma tambayi inda ɗalibansu ke zuwa sanin makamar aiki. Wanda bai taɓa tsayawa ƙarƙashin gangar jirgi ana walda ba, karatunsa da saura. Ana ƙera jirage a ƙasar nan: ma'aikatar sojojin ruwa da ke Legas ta ƙera NNS Andoni a 2012, da NNS Karaduwa a 2016.

Idan kuma Baba ya ce Kudu ta yi nisa, ko aljihu bai kai ba, hanya ba ta toshe ba. Ga Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a ƙofar gida. Yaro ya karanta injiniyancin kanikanci, ya dage da lissafi, sannan ya nemi digiri na biyu a zanen jirgi, ko a Fatakwal ko a jami'o'i irin su Newcastle da Strathclyde a Birtaniya. A ganina wannan hanya ta fi dacewa da yawancin 'ya'yanmu, don ko bai samu wucewa ba, yana da sana'a a hannu.

Kiranmu ga hukumomin ba da tallafin karatu na jihohin Arewa, musamman Kebbi da Neja da Sakkwato da Bauchi, shi ne su ware gurabe don wannan fanni. Ku kuma iyaye, in yaro ko yarinya suka zo da wannan buri, ku zauna ku duba takardun tare da su kafin a rufe rajista. Mu kwana nan, sai Allah Ya kai mu mako na gaba.