Gaisuwar Maƙwabci Garkuwar Tsoho ce a Lokacin Bazara

A unguwannin Dutse irin su Garu da Limawa, da garuruwan Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu, ba a saba kai tsoho gidan kula da gajiyayyu ba. A ɗakinsa yake tsufa, cikin mutanen da ya sani. Sai dai da zarar an gama girbi, matasa da dama kan tafi cin rani Kano ko Legas, ba sa dawowa sai gab da damina. Ke nan a watannin Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi kan haura digiri 40, dattawa da yawa a hannun maƙwabta suke.

Me ya sa zafi ya fi yi wa tsoho illa? Kusan kashi 60 cikin ɗari na jikin saurayi ruwa ne, amma a jikin tsoho yakan ragu zuwa wajen kashi 50. Ƙodarsa ba ta iya tattalin ruwa kamar da, gumin da ke sanyaya jiki ya ragu, wasu magungunan hawan jini kuma suna ƙara yawan fitsari. Mafi haɗari shi ne, jin ƙishirwa kan dushe da shekaru. Tsoho na iya bushewa alhali bai nemi ruwa ba. Idan ya fara jiri ko sambatu, sai a ce gigin tsufa ne, nan kuwa ruwa ne ya ƙaranta a jikinsa.

Tunda tsoho ba ya jin gargaɗin jikinsa, tilas wani ya lura a madadinsa. An ga shaidar haka a birnin Shikago na Amurka a 1995, inda matsanancin zafi ya hallaka mutum fiye da 700, akasarinsu tsofaffi. Masanin zamantakewa Eric Klinenberg ya kwatanta unguwanni biyu na talakawa da ke daura da juna. Inda jama'a ke cuɗanya a tituna da shaguna, mutuwa ta yi ƙaranci. Inda kowa ya kulle ƙofarsa, ta yi yawa.

Abin da ya ceci waɗancan, Bahaushe ya daɗe da shi. Mai kai ƙwaryar ciyayya takan gane ko an ci tuwon jiya. Yaron da ke cika randa yakan ga ko ruwan ya ragu. Mutanen masallaci kan tambayi wanda ba a gani ba a sahun asuba.

Abin da ya rage shi ne a haɗa al'adar da ilmi. A riƙa miƙa wa tsoho ruwa ko kunu ba sai ya nema ba, a fito da shi inuwa daga ɗakin kwano da rana. In fitsarinsa ya yi duhu, a ba shi ruwan gishiri da sukari. In ya rikice ko ya suma, a jiƙa jikinsa, a garzaya da shi asibiti. Wannan aiki ne da kowane ɗalibi zai iya koya wa mutanen unguwarsu.