Daga barewar Landan zuwa bindigar iska: tarihin gasar harbin abin da ke gudu

Hausawa kan ce kowa ya ci zomo ya ci gudu. Duk maharbin da muka tambaya zai gaya mana cewa harbin dabbar da ke tsaye daban, harbin wadda ta sheƙa a guje daban: dole mutum ya auna gabanta, inda za ta kai, kafin ya saki harsashi. Wannan gwaninta ta farauta ce Turawa suka mayar wasa, har ƙasashe suka shiga gasa a kanta.

A bukukuwan wasannin birnin Paris na shekarar 1900, tantabaru masu rai aka riƙa saki ana harbi. An kashe kusan 300, kuma wani ɗan Beljiyam mai suna Léon de Lunden ya zo na ɗaya da tantabara 21. Daga nan ba a sake harbin tsuntsu mai rai a wasannin Olamfik ba.

A shekarar 1908 a Landan aka shigo da harbin barewa mai gudu. Siffar barewa ce ake ja a guje, maharbi yana nesa da ita da misalin mita 100, kuma cikin daƙiƙa 4 ta wuce. Wanda ya ci zinare shi ne Oscar Swahn, ɗan ƙasar Suwidin, yana da shekara 60. Tsohon bai tsaya nan ba: a 1912 ya ƙara zinare tare da ƴan ƙungiyarsa yana da shekara 64, a 1920 kuma ya samu azurfa yana da 72. Har yau ba a samu ɗan wasan da ya ci lambar Olamfik a irin waɗannan shekaru ba. Ɗansa Alfred, da suka riƙa harbi tare, lambobi 9 ya tara.

Bayan 1956 barewa ta fita daga Olamfik. A 1972 a birnin Munik na Jamus wasan ya dawo da siffar aladen daji, a nisan mita 50. A 1992 a Basalona aka sake rage nisan zuwa mita 10, cikin ɗaki, da bindigar iska. Abin harbin yana ratsa wata kafa mai faɗin mita 2 cikin daƙiƙa 5, sannan cikin daƙiƙa 2 da rabi, maharbi yana harbi 30 a kowane zagaye.

Ƙarshen tafiyar ya zo a Atina a 2004, inda Bajamushe Manfred Kurzer ya ci zinaren ƙarshe. Da aka rage fannonin harbi daga 17 zuwa 15 a 2008, wannan fanni yana cikin waɗanda aka cire. Masu kasuwa sun san dalili: kayan da masu sayensa suka yi kaɗan, shi ake fara saukewa daga tebur in rumfa ta yi ƙunci. Wasan yana buƙatar fili da injin jan hoto, kuma mafi yawan masu yinsa suna Turai da Asiya. Ƙungiyar harbi ta duniya, ISSF, wadda aka kafa a 1907, ta ci gaba da shirya masa gasar duniya.

Wanda ya rage a Olamfik shi ne harbin faifan yumɓu da inji ke cillawa sama, magajin tantabarun nan na Paris. A nan ne mata suka nuna bajintarsu: a 1992 Zhang Shan, ƴar ƙasar Sin, ta kayar da maza ta ɗauki zinare. A 1996 ba a bar mata sun shiga fannin da ta ci zinaren ba, sai a 2000 a Sidni aka ware musu nasu. Mun ga dai hannun da ya iya auna abin da ke gudu bai tambayi shekaru ba, bai kuma tambayi mace ko namiji ba.