Tsarin Gidan Wankan Ruwan Ɗumi Bisa Al'adun Ziyara na Kirista: Misali Daga Lourdes da Vals

1.0 Gabatarwa

In aka ce gidan wanka, abin da yakan faɗo wa Bahaushe a rai shi ne ɗakunan nan na bakin kasuwa ko tasha, inda mutum zai biya 'yan kuɗi a ba shi ruwa cikin bokiti. A ƙasashen Turai kuwa akwai wani irin gidan wanka da ake ginawa a kan maɓuɓɓugar ruwan ɗumi, irin ta Wikki da ke Yankari, inda mutane kan yini a cikin ruwa don neman lafiya ko hutawa. Wannan maƙala za ta duba abin da mai tsara irin wannan gini zai iya arowa daga wuraren ziyara na Kirista masu dangantaka da ruwa, da kuma abin da ba ya aruwa. Za a fara da tushen al'adar, sa'an nan a kwatanta wurare biyu, watau Lourdes ta Faransa da Vals ta Suwizalan.

2.0 Matsayin Ruwa a Al'adar Kirista

Ruwa ya shiga ibadar Kirista ta hanyoyi biyu. Ta farko ita ce baftisma, wadda asalinta ke komawa ga Kogin Urdun, inda Linjila ta ce Yahaya ya yi wa Almasihu baftisma. A wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, sura ta 6, an kwatanta nutsa cikin ruwa da binnewa, fita daga cikinsa kuma da tashi zuwa sabuwar rayuwa. Wannan ma'ana ce magina na farko suka mayar da ita gini. Sukan haƙa kwami a ƙasa, su yi masa matakala, yadda mai karɓar baftisma zai gangara ya nutsa, sa'an nan ya hauro. Ɗakin baftisma na Lateran a birnin Rum, wanda Paparoma Sixtus na III ya sake wa fasali tsakanin 432 da 440, kusurwa takwas gare shi, domin malaman coci suna kiran ranar tashin Almasihu rana ta takwas.

Hanya ta biyu ita ce neman waraka. Linjilar Yohanna, sura ta 5, ta kawo labarin tafkin Betasda a Ƙudus, mai rumfuna biyar, inda makafi da guragu ke kwance suna jiran ruwan ya motsa. Daga cikinsu akwai wanda ya shekara 38 yana jinya. Kukansa shi ne ba shi da mai saka shi cikin ruwan, kullum wani ne ke riga shi. Wannan kuka shi ne ma'aunin da za a koma gare shi a ƙarshen maƙalar.

3.0 Lourdes

A shekarar 1858 wata yarinya mai shekara 14, Bernadette Soubirous, ta ce Maryamu ta bayyana gare ta sau 18 a wani kogo da ke bakin kogin Gave. Ran 25 ga Fabrairu ta tona ƙasa a cikin kogon, ruwa ya ɓuɓɓugo. Binciken da aka yi a shekarar ya nuna ruwan sha ne kamar kowane, ba shi da wani sinadarin magani. Ba kuma mai ɗumi ba ne, sanyinsa ya kai digiri 12. Duk da haka miliyoyin maziyarta ke zuwa. An kafa ofishin likitoci a 1883 don tantance da'awar waraka, kuma ya zuwa 2018 coci ta amince da 70 kacal a matsayin mu'ujiza.

Ginin wanka da aka yi a 1955 ba shi da wani ado. Kwami 17 ne na dutse, 11 na mata, 6 na maza, kowanne bayan labule. Ƙarfin wurin yana cikin jerin abubuwan da maziyarci ke bi. Zai ratsa filin haramin da ƙafa, ya wuce kogon, ya zauna kan benci yana jira ana addu'a. In an kira shi sai ya tuɓe, a ɗaura masa zane, 'yan sa kai su riƙe shi ta kowane gefe ya gangara, su nutsa shi na ɗan lokaci ƙanƙane. Ba a karɓar ko kwabo, kuma marasa lafiya ake gabatarwa. A 2020, da annobar korona ta sa aka dakatar da nutso, sai aka maye gurbinsa da wanke hannu da fuska da shan ruwan, mutane kuma ba su daina zuwa ba. Wannan ya nuna cewa ma'anar ba ta rataya ga yawan ruwa ko kyan gini ba.

4.0 Vals

Vals ƙauye ne a cikin duwatsun jihar Graubünden, yana da maɓuɓɓuga mai ɗumin digiri 30. Hukumar ƙauyen ta sayi otal ɗin da ke wurin a 1983, daga baya ta ba Peter Zumthor aikin tsara sabon gidan wanka, aka buɗe shi a 1996. Ya kamata a lura cewa Vals ba wurin ibada ba ne, kuma abin da Zumthor ya ce ya kafa tunaninsa a kai shi ne kogo da mahaƙar dutse. Amma mutum ne da ya san ginin ibada, don shi ya tsara ƙaramar majami'ar Sumvitg a 1988. Wanda ya bi cikin ginin Vals zai ga abubuwa uku da suka yi daidai da na wuraren ziyara.

Na farko shi ne tafiya. Ginin ba shi da ƙofa a gabansa. Ta wani lungu mai duhu a ƙarƙashin ƙasa ake shiga daga otal, sa'an nan a bi wani dogon barandan da ruwan maɓuɓɓugar ke zuba daga bututu a jikin bango, ƙarfen da ke cikin ruwan ya bar jan tabo a kankaren. Watau mutum zai ji ruwan, ya ga alamarsa, kafin ya taɓa shi. Aikin da wannan lungu ke yi ya yi kama da na zaure da soro a gidan Bahaushe, inda baƙo ba ya faɗawa tsakar gida kai tsaye.

Na biyu shi ne gangara. Daga ɗakin tuɓe kaya, wata doguwar matakala mai sauƙin tako ce ke saukar da mutum zuwa ga ruwa, kamar yadda ake sauka cikin kwamin baftisma. A ƙasa akwai babban kwami mai digiri 32, kewaye da ƙananan ɗakuna: ɗaya mai zafin digiri 42 da jan bango, ɗaya mai sanyin digiri 14 da shuɗin bango, wani kuma na shan ruwa kawai.

Na uku shi ne haske da shiru. An jera fale-falen dutsen ƙauyen guda 60,000 a bangwaye, rabin ginin yana binne a jikin tudu, rufinsa ciyawa. Tsakanin sassan rufin an bar 'yan tsagogi masu gilashi, haske na saukowa siri-siri yana bin bango. Inda haske ya yi ƙaranci ido kan huta, murya ma ta sauka ba tare da an hana kowa magana ba.

5.0 Abin da Ba Ya Aruwa

Daga wannan kwatanci za a ga cewa tafiya da gangara da haske duk abubuwa ne da ake iya zanawa a takarda, a auna, a gina. Suna iya sa natsuwa a zuciyar mai wanka ko da ba ya bin wani addini. Amma natsuwa dabam, albarka dabam. A wurin maziyarcin Lourdes albarkar ruwan ta fito ne daga imaninsa da labarin 1858, ba magini ne ya sa ta ba. Mai tsara gini da ya jera gicciye da gumaka a gidan wankan kasuwanci don ya yi kama da wurin ibada, ya ɗauki ɓawo ne ya bar ƙwaya, kuma zai ɓata wa masu addinin rai.

Akwai kuma bambanci na biyu wanda ya fi wannan nauyi. Vals da kuɗi ake shiga, kuma a 2012 ƙauyen ya sayar da shi ga wani ɗan kasuwa. Lourdes kuwa an tsara shi ne domin wanda ba ya iya tafiya da ƙafarsa: hanyoyin haramin shimfiɗaɗɗu ne saboda kekunan marasa lafiya, ga kuma masu ɗauka da masu riƙewa. Doguwar matakalar da ke ba mai lafiya natsuwa, ita ce katanga ga gurgu idan ba a yi masa wata hanyar ba.

6.0 Kammalawa

A taƙaice, wanda ke son tsara gidan wankan ruwan ɗumi bisa al'adar ziyara ta Kirista yana da abubuwa uku da zai ara a fasalin gini, amma na huɗun, watau gabatar da mara lafiya da matalauci, yana cikin dokar gidan ne da ma'aikatansa da kuɗin shigarsa. Tambayar da ta kamata a yi wa kowane zane ita ce ta mutumin Betasda: in ya iso bakin ruwan, wa zai saka shi?