Kalmar "Consistency": Asalinta da Wuyar Fassara Ta da Hausa

Akwai kalmomin Ingilishi da ɗalibi ko ma'aikaci yakan yi shekaru yana rubutawa, amma ranar da aka ce ya faɗe su da Hausa sai ya yi turus. Ɗaya daga cikinsu ita ce "consistency". Mafi yawan masu fassara sukan ce "daidaito" su wuce, alhali kuwa sau da yawa ba nan kalmar ta dosa ba.

Asalinta daga harshen Latin ne, watau harshen Romawan dā. Aikatau ne, "consistere", mai gaɓa biyu: "con", ma'ana tare, da "sistere", ma'ana tsayawa ko tsayarwa. Ke nan tushen ma'anar shi ne tsayuwa tare. Daga wannan "sistere" ne Ingilishi ya sami "insist", mutum ya tsaya kai da fata, da "resist", ya tsaya ya ƙi, da "assist", ya tsaya kusa da wani don ya taimaka masa.

Kalmar ta shiga Ingilishi wajen ƙarshen ƙarni na 16, kuma a lokacin kaurin abu take nufi, watau yadda sassansa suka kama juna. Wannan ma'ana tana nan har yau. Matar da ke dama kunu a Gwaram, in ta ɗaga ludayi ta duba ko ya yi kauri ko ya tsinke, to abin da Bature zai kira "consistency" take aunawa. A nan Hausa ba ta da wata matsala, "kauri" ya wadatar.

A ƙarni na 17 sai ma'anar ta faɗaɗa, ta koma kan magana: zancen da farkonsa bai ci karo da ƙarshensa ba. Daga baya kuma ta kai ga halin mutum, wanda yadda aka san shi jiya haka za a tarar da shi gobe. A waɗannan biyun ne wuyar take.

Alal misali, a ɗauki shaida a gaban alƙali kan rikicin iyakar gona. An tambaye shi sau uku, a ranaku dabam-dabam, bai sake magana ba. Lauya zai ce shaidarsa tana da "consistency". In tafinta ya ce "maganarsa daidai ce", to ya yanke hukuncin da alƙali bai yanke ba tukuna, domin maƙaryacin da ya haddace ƙaryarsa shi ma ba ya sake magana. Abin da ya kamata a ce shi ne, "maganarsa ba ta saɓa wa juna ba". Haka nan ɗalibin da kullum yake zuwa na ƙarshe a aji: ya ɗore a kan hali ɗaya, amma babu mai cewa ya yi daidai.

Wani abin sha'awa shi ne, malamai suna da kalmar da ta yi kama da wannan ta wajen gini, watau "istiƙama", wadda aka aro daga Larabci. Ita ma daga aikatau mai ma'anar tsayuwa ta fito. Amma fa istiƙama tsayuwa ce a kan hanya madaidaiciya, ba a yaba wa azzalumi da ita ko da bai taɓa fashin zalunci ba. Kalmar Ingilishin kuwa ba ruwanta da kyan hanyar ko muninta.

A ofis, abin ya fi shafar rubutu da ƙa'ida. Birnin Kudu da Gwaram suna cikin Jihar Kano ne har 1991, lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa aka mai da Dutse babban birninta. Duk wanda ya buɗe tsohon fayil daga wannan yanki zai iya cin karo da sunan gari ɗaya an rubuta shi iri-iri: nan Birnin Kudu, can B/Kudu, wani wurin da karan ɗori a tsakani. Mai karatu zai gane, amma kwamfuta garuruwa uku za ta lissafa. Abin da ake bukata daga akawu a nan shi ne "bin ƙa'ida ɗaya": ya zaɓi rubutu guda, ya riƙe shi daga shafin farko har na ƙarshe.