Idan Yaro Yana Hira da Wanda Ba a Gani

Tsakanin shekara biyu zuwa biyar, yara da yawa kan fara abin da ke tayar wa iyaye hankali. Yarinya ta kwaɓa tuwon ƙasa a murfin gwangwani, ta ajiye wa wata ƙawarta da ba wanda ke gani, har ta hana kowa zama a gefen tabarma don kada a danne ta. Yaro ya shigo a guje ya ce ya ga kura a bayan randa. A gidajenmu fassara biyu ke jiran irin wannan yaro. Ko a ce ya fara ƙarya a ɗauko tsumagiya, ko gwaggo ta ja uwar gefe ta ce, "Ke, 'yar nan taki a nema mata taimako, mutanen ɓoye ne." Daga nan sai hayaƙi, sai yawon gidajen masu magani. Alhali galibi lafiyar yaron ƙalau, hankalinsa ne ke buɗewa.

Masana halayyar yara sun daɗe da sanin wannan. Jean Piaget, ɗan ƙasar Suwizalan, ya bayyana cewa daga wajen shekara biyu yaro ke ƙwarewa wajen sa wani abu ya tsaya a madadin wani: kara ya zama doki, takalmi ya zama mota. Da wannan baiwar yake koyon magana, da ita kuma zai gane harafi da lamba idan ya shiga makaranta. A 2004, Marjorie Taylor ta Jami'ar Oregon da ke Amurka da abokan aikinta suka wallafa bincike da ya nuna kashi 65 cikin ɗari na yaran da suka bibiya sun taɓa ƙirƙirar abokin da ba a gani kafin su wuce shekara bakwai. Ta kuma lura cewa yawancinsu sun san sarai wasa suke yi, har wasu kan tunatar da mai yi musu tambaya cewa abokin fa ba na gaske ba ne.

Mai tsoron ko addini ya hana irin wannan wasa, ya tuna hadisin da Abu Dawud ya ruwaito: Manzon Allah (SAW) ya ga doki mai fukafukai cikin kayan wasan Nana A'isha, ya tambaye ta, ta kafa masa hujja da dawakan Annabi Sulaiman, shi kuwa ya yi dariya. Bai tsawata mata ba.

To, me uwa za ta yi idan an kawo mata labarin kura? Ta saurara, ta tambaya: "Wace irin kura ce? Ina ta nufa?" Ba sai ta gaskata ba, ba kuma sai ta ƙaryata da faɗa ba. Idan ya zubar da kunu ya ce abokinsa ne, ta ce, "To, ɗauko tsumma ku goge tare." Ya koyi ɗaukar alhakin abin da ya yi ba tare da an liƙa masa sunan maƙaryaci ba. Duka a waɗannan shekarun abu ɗaya yake koya masa, wato ya daina gaya miki abin da ke ransa.

Abin takaici, mu manya ne ke cika wa yaro kai da abin tsoro sannan mu yi mamakin firgitarsa. "Yi shiru ko Dodo ya zo." "Zan kira mai allura." Ɗan shekara uku ba ya raba wannan da gaskiya, da shi zai kwana. Ga kuma waya da ake miƙa masa don ya bar kuka, yana kallon finafinan aljanu da manya ke kallo. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2019, ta ce kada a zaunar da ɗan ƙasa da shekara biyu gaban allo, daga biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana.

Haɗarin gaske yana tsakar gida. Yaron da ya ɗaura zane a wuya ya ce shi mai tashi sama ne, zai iya dirowa daga katanga. Mai wasan girki za ta nemi garwashin gaske. Mai wasan likita zai ɗura wa ƙaninsa ƙwayoyin da ya tsinta a kan madubi. Kananzir da fiya-fiya da aka zuba a robar lemo, a wurinsa lemo ne. A rufe rijiya, a kife bokiti, domin ruwa kaɗan ya isa ya halaka ƙaramin yaro.

Akwai kuma lokutan da bai kamata a ce wasa ne ba. Yaron da jikinsa ya yi zafi yana sambatu, yana ganin abubuwa, ko yana jijjiga, a garzaya da shi asibiti a ranar, don zazzaɓin cizon sauro kan taɓa ƙwaƙwalwa, kuma jinkiri na kisa. Wanda kan ƙame yana kallon wuri guda na 'yan daƙiƙoƙi, a kira shi bai ji ba, yana iya zama wani nau'in farfaɗiya, kuma tana da magani. Wanda ya cika shekara biyu ba ya kwaikwayon komai a wasa, ba ya waiwayowa idan an kira sunansa, a kai shi likitan yara ya duba ko lalurar galahanga ce.

Mafi nauyi shi ne yaron da ya ce wani babba yana taɓa masa al'aura, ko ya riƙa maimaita abin manya da 'yar tsana. Ƙaramin yaro kan ƙirƙiro kura da doki mai fukafukai, amma da wuya ya ƙirƙiro wannan daga kansa. Kada a ce masa "rufe mana baki." A tambaye shi a hankali ba tare da sa masa magana a baki ba, a raba shi da wanda ya ambata ko da ɗan gida ne, sannan a kai shi asibiti.