Hedifon mai buɗaɗɗen baya: araha da sauti na gaskiya ga mai sauraro a Zongo

Duk wanda ya san birnin Accra ya san cewa idan rediyo ta mutu ko lasifika ta fara kuka, Zongo Lane ake nufa. Wannan layi da ke tsakiyar gari, kusa da Makola da Tudu, tsohon mazaunin fatake Musulmi ne tun ƙarni na 19, kafin a kafa Sabon Zongo, kafin Nima da Maamobi su cika su batse. Yau kuwa kasuwa ce ta kayan lantarki, inda ake samun waya da dalma da soket da sifika iri-iri. Sai dai abin da ya fi cika teburan 'yan kasuwa a nan da kuma kasuwar Circle, ta ɓangaren sauraron kiɗa, shi ne ƙananan iyafis na bulutut da manyan hedifon masu rufaffen baya waɗanda ake tallata su da ƙarfin bes. Akwai wani nau'i da ba a cika tambayarsa ba, alhali ga mai ƙaramin ƙarfi da ke son jin waƙa yadda aka ɗauke ta, shi ya fi cancantar kuɗinsa: hedifon mai waya wanda bayansa ke buɗe.

A cikin kowane hedifon akwai siririn tantani da naɗin wayar jan ƙarfe da maganaɗisu. Idan lantarki ya ratsa naɗin, tantanin ya yi ta kai da komo yana tura iska, wannan motsin iskar ne kunne ke ji. Amma tantani fuska biyu gare shi, yadda yake tura sauti zuwa kunne haka yake tura shi ta baya. Idan bayan a rufe yake da kofin roba, sautin ba shi da mafita, sai ya bugi bango ya dawo ya cakuɗa da na gaba, wasu muryoyin su kumbura, wasu su dushe. Bambancin kamar na wanda ya yi magana a cikin randa ne da wanda ya yi ta a tsakar gida. Ana iya magance wannan amsa-kuwwa da auduga da ƙira mai kyau, kuma manyan kamfanoni suna yi, sai dai aiki ne mai cin kuɗi, shi ne kuma abin da ake fara tsallakewa idan ana son kaya su yi araha. Mai buɗaɗɗen baya raga kawai aka sa masa, sautin baya ya fice abinsa. Saboda haka ya fi sauƙi a ƙera mai araha mai kyau a wannan nau'i fiye da ɗayan.

Ba sabuwar dabara ba ce. Kamfanin Sennheiser na Jamus ya fitar da HD 414 a 1968, shi ne na farko mai buɗaɗɗen baya, kuma an sayar da fiye da miliyan 10. Koss na Amurka ya kawo Porta Pro a 1984, har yau ana ƙera shi kusan yadda yake. A cikin masu sauƙin kuɗi akwai Koss KSC75 da ake maƙalawa a kunne, da Superlux HD681 da Samson SR850 waɗanda rabin bayansu ne a buɗe, da Philips SHP9500. A kasuwannin waje dukansu ba su kai dala 100 ba, wasu ma ƙasa da dala 50 suke, ko da yake kuɗin jigila da haraji da canjin kuɗin sidi sukan ɗaga farashin kafin kaya su iso hannu.

Amfanin yana fitowa fili ne a irin abin da mutanen Zongo suke saurare. Kuntigin Ɗan Maraya Jos tsirkiya ɗaya ce, duk daɗinsa yana cikin kaifin bugun da yadda amon ke mutuwa a hankali. Kalangun da ke bin muryar Mamman Shata magana yake yi, yana hawa yana sauka da matsin hammata. Ƙahonnin E.T. Mensah da ƙungiyarsa ta Tempos, da ƙira'ar Husari ko Abdulbasiɗ, duk a tsakiyar ma'aunin sauti suke zaune, inda muryar ɗan Adam take. A nan ne hedifon da aka cusa wa bes yake yin ɓarna, domin rugugin ƙasa yana danne murya, har mutum ya ƙara sauti don ya ji kalmomi. Mai buɗaɗɗen baya yana barin kowane kayan kiɗa a wurinsa, mai sauraro ya ji kamar makaɗan suna gabansa, ba a tsakiyar kansa ba.

Mai suka zai ce an manta da inda muke. Nima ba unguwar shiru ba ce: ga hon ɗin motocin haya na trotro, ga babura, ga janareta, ga lasifikar biki. Hedifon da ba ya tare ƙara me zai yi a nan? Wannan suka gaskiya ce, kuma ta shafi lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan 1 suna cikin haɗarin rasa ji saboda sauraro da ƙarfi, ta kuma ƙayyade wa babba desibel 80 na awa 40 a mako. Duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci biyu. Titi mai cunkoso shi kaɗai yakan kai wajen 80, don haka wanda ya sa buɗaɗɗen hedifon a cikin mota dole ya ƙure sauti, yana cutar kunnensa yana kuma damun na kusa da shi. Ba na titi ba ne, kada kowa ya saye shi don haka. Na ɗaki ne, bayan isha'i ko da sassafe, lokacin da unguwa ta lafa. A wannan yanayi rashin tare ƙarar ma alheri ne: mutum zai ji kiran salla, ya ji sallama a ƙofa, uwa ta ji kukan jaririnta. A gidan haya da ake kwana da yawa a ɗaki ɗaya kuwa, sautin da ke fita zai iya hana wani barci, wanda ke irin wannan hali ya fi masa alheri ya nemi mai rufi.

Suka ta biyu ta masu son hiplife ce, kiɗan da 'yan Nima irin su ƙungiyar VIP suka taimaka wajen ɗaukaka shi, wanda ƙarfinsa ke cikin dukan ƙasa. Gaskiya ne buɗaɗɗen hedifon mai araha ba ya girgiza kai, domin iskar da ya kamata ta matsu tana zurarewa. Amma akwai bambanci tsakanin bes mai yawa da bes mai tsabta, kuma wanda ya saurari na biyun na ɗan lokaci yakan gane cewa a da rugugi yake ji, ba bugun ganga ba.

Akwai kuma hujjar da ta shafi aljihu kai tsaye. Iyafis na bulutut yana da ƙaramin batir da aka manne a ciki, idan ya gaji bayan shekara biyu ko uku sai shara. Mai waya ba ya neman caji, ba ruwansa da ɗauke wuta. Abin da yakan lalace a jikinsa waya ce ko filogi ko soson kunne, kuma duk waɗannan aikin mintoci ne ga mai dalma a Zongo Lane. Philips SHP9500 ma wayarsa cirewa ake yi a sa wata. Ga zafin Accra da gumi, raga da soso mai yadi sun fi fatar roba barin kunne ya sha iska.

Mai saye ya duba adadin om da aka rubuta a kwali. Wanda yake tsakanin 32 da 60 wayar hannu za ta iya tuƙa shi, amma irin su Sennheiser HD 600 mai om 300 suna buƙatar amfilifaya. Yawancin wayoyin Tecno da Itel da Infinix har yanzu suna da ramin milimita 3.5, waɗanda ba su da shi kuwa, kamar iPhone tun daga 2016, sai an haɗa da ƙaramin adafta. Jabu sun yi yawa, musamman na Porta Pro, har akwai masu ragar ado da aka toshe bayanta da roba. Gwajin mai sauƙi ne: a kunna waƙar da aka sani sosai, a rufe bayan kofunan da tafin hannu. Idan sautin ya canza nan take ya zama a shaƙe, buɗaɗɗe ne na gaske, idan bai canza ba a mayar wa mai shago kayansa.