Sarauniyar tururuwa ko ta gara? Yadda ake bambance su a farkon damina

Da zarar ruwan farko ya sauka a Damari da sauran garuruwan Sabuwa, Faskari da Ƙanƙara, ƙwari masu fukafukai kan yanyame fitila da daddare. Yara na tara gina domin suya, amma cikin abin da ake kamawa akwai sabbin sarauniyoyi, waɗanda kowacce za ta iya kafa gida mai dubban 'ya'ya a gona ko a gindin rumbu.

Ga manomi, sanin wacce ya kama na da amfani. Gara na cin saiwar masara da azarar ɗaki, yayin da wasu nau'o'in tururuwa ke farautar garar kanta. Wanda ya yi musu kuɗin goro da feshi zai iya kashe mai taimakonsa.

Abin da za a fara dubawa shi ne ƙugu. Tururuwa na da siririn ƙugu, ƙahonninta a lanƙwashe kamar gwiwar hannu, fukafukan gaba sun fi na baya tsawo. Gara kuwa ba ta da ƙugu, ƙahonninta a miƙe, fukafukanta huɗu tsawonsu ɗaya.

Bayan barbara, sarauniyar tururuwa kan karya fukafukanta ta shiga ƙasa ita kaɗai, namijin kuma ya mutu. Ana gane ta da kaurin ƙirji da tabon fukafukai. Ta gara kuwa tare da namijinta take shiga rami.

Sai a ƙirga ƙululun da ke ƙugun. Tururuwar da ke jidar hatsi, wadda masana ke kira Messor, ƙululu biyu gare ta. Ita ce mutane suka riƙa tona gidanta don neman abinci a yunwar Nijar ta 2005. Manyan tururuwan Camponotus masu son zaƙi kuwa ƙululu ɗaya gare su.

Kwarkwasa dabam take, domin sarauniyarta ba ta da fukafukai sam. Dogon ƙwaron danginta da ke karo da fitila namiji ne.

Lamarin ma ya zama kasuwa a duniya. A watan Mayun 2025, wata kotu a Kenya ta ci tarar wasu matasa biyu 'yan Beljiyam shilin miliyan ɗaya kowannensu, bayan an kama su da sarauniyoyi kusan 5,000, galibinsu dangin Messor, waɗanda ake kiwo a Turai da Asiya don sha'awa.

Mai son tabbatar da nau'in da ya kama sai ya sa ta a ƙaramar kwalba mai auduga jiƙaƙƙiya, ya ɗauki hotonta daga gefe da sama, ya rubuta rana da wurin kamun, sannan ya nuna wa malamin gona. Idan an ajiye ta a duhu ta ƙyanƙyashe 'ya'yan farko, su ne za su raba gardama.